Sifirin Ɗauko Suruka

Bahauddeen maƙwabcina ne a Unguwar Hajji. Manomin gyaɗa ne kamar kowa a nan, sai dai bai taɓa yarda cewa noma ne iyakar iyawarsa ba. In ana maganar rijiya, shi ya san inda ruwa yake. In ana maganar ciwon ido, yana da magani. Da aka yi gwanjon kayan wata gonar kamfani da ta durƙushe, ya je ya dawo da babur mai ƙafa huɗu, irin wanda aka ƙera don laka da yashi, ya sa masa suna Gwanki. Daga ranar ya zama injiniya.

A ƙarshen damina matarsa Sadiƙa ta haifi 'ya mace, haihuwa ta uku. Mahaifiyarta, Iya Saude, tana wani ƙauye a bayan Jajaye, can ƙasar Rogo, kuma ruwa ya cinye hanyar ƙauyen har mota ba ta shiga. Tsohuwar na fama da ciwon baya, ba ta hawan acaɓa. Saƙon da ta aiko ta waya gajere ne. In an kawo mata abin hawan da ba zai girgiza mata ƙashi ba, za ta zo ta yi wa 'yarta wankan jego a ɗakinta. In kuwa rana ta faɗi ranar suna ba ta Unguwar Hajji, washegari ƙanin Sadiƙa zai zo ya tafi da ita da jaririyar, a yi arba'in a gida.

Bahauddeen ya san arba'in ɗin gidan surukansa. Na haihuwar baya wata huɗu da kwana tara ya ɗauka. Ga cirar gyaɗa ta matso, ga yara biyu, ga shi ko kunu bai iya damawa ba.

Da yamma ya fito gindin darbejiyar da muke zama, ya ce an gama magana. Gwanki zai ɗauko Iya. Abin da ya rage kawai a sauya masa shokozoba da sifirin, ƙarafan da ke shanye girgiza, don waɗanda ya zo da su sun gaji, ko akuya aka ɗora sai gindinsa ya taɓa ƙasa. In ya gama aikin, in ji shi, mutum zai iya shan fura a kan Gwanki yana gudu a cikin kunya, ludayi bai taɓa masa hanci ba.

Taubashinsa Sulle yana kwance a kan benci, ya ce, “Wace kunyar? Ta gona, ko wadda za ka jawo mana?”

“Kai da ko keke ba ka iya ɗaure wa sarƙa ba.”

“Shi ya sa keken nawa yake da rai har yau.”

Washegari ya tafi Ƙaraye wurin Nuruddeen bakanike, na raka shi don ina da sayayya a kasuwa. Nuruddeen ya saurare shi, ya goge hannu da tsumma, ya ce aikin ba wuya, amma sifirin da nauyin kaya ake zaɓensa. Ya tambayi kilo nawa za a ɗauka.

Bahauddeen ya ja da baya kamar an watsa masa ruwa. “Surukata za ka ɗora a sikeli?”

Nuruddeen ya ce shi ba ruwansa da ko wace ce, ƙarfe bai san suruka ba. Sifirin da ya fi ƙarfin kayansa ba ya lanƙwasa, harbi yake yi. A nemo na irin babur ɗin, shi zai ɗaura a yini ɗaya. Bahauddeen ya ce matsalar kanikawan yanzu ke nan, abin da Bature ya rubuta shi kaɗai suka sani. Muka fito yana ce min yaron ba shi da tarbiyya.

A nan ya kamata a san wani abu. Shekara goma sha ɗaya da auren, Bahauddeen bai taɓa kallon surukarsa ba. In ya je gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa, ita kuma ta amsa daga bayan labule. Duk cika-bakinsa, wannan ladabin bai taɓa karya shi ba, kuma da shi yake alfahari. Abin da ya sani game da jikinta abu biyu ne. Ranar ɗaurin aure ya hangi wata mata ta cika ƙofar zaure tana ba da umarni, ya yanke cewa ita ce. Sai kuma muryarta, wadda in ta yi magana a waya sai Sadiƙa ta nisanta wayar daga kunne. Daga waɗannan ya yi lissafinsa: buhu uku na masara.

Ya tafi Kano, ya dawo da sifirin huɗu na wata tsohuwar jif, kowanne kaurin ƙarfensa ya kai babban yatsana, da shokozoba huɗu na a-kori-kura.

Rana ta uku da haihuwa ya baje kaya a ƙofar gida. Kafin sifirin ya shiga jikin shokozoba sai an matse shi, kuma kanikawa suna da ƙarfen da suke yin haka. Bahauddeen ya ce igiyar guga ta isa. Ya hau kan sifirin da ƙafa biyu, ya sa mutum biyu suka danna masa kafaɗa, ya ɗaure shi da igiya wuri uku. Ya sauko, ya ɗaga shi sama yana nuna mana yadda ya zama gajere kamar gwangwanin madara. Yana cikin bayani igiya ɗaya ta tsinke, biyun suka bi ta. Sifirin ya ɗauke masa hula, ya haye katanga, muka ji ƙara a cikin gida kamar an jefa dutse a rijiya.

Mas'uda, maƙwabciyar da ke yi wa Sadiƙa wanka kafin Iya ta iso, ta fito da jiƙaƙƙen ganyen darbejiya a hannu, zaninta sharkaf. A cikin tukunyar ruwan wankan ya faɗa, ya huda gindinta, ruwan ya kashe wutar.

“Malam Baha'u, jego muke yi ko yaƙi?”

Ya ce ta yi haƙuri, gwaji ne, kuma ta shaida da idonta cewa sifirin na da ƙarfi. Ta ce ta shaida, saura ya shaida kuɗin tukunya, kuma in wani ƙarfe ya sake shigowa ta sama, ta ƙofa za ta jefo masa shi a baya.

Rana ta huɗu ya ɗaura na baya biyu, da waya maimakon igiya. Gwanki ya tsaya gindi a sama, hanci a ƙasa, kamar kaza mai tsintar tsaba. Rana ta biyar ya gano ramukan shokozoba na gaba ba su dace da na babur ɗin ba, ya kira mai walda aka liƙe su. Da aka sauke shi daga kan duwatsun da aka tokare shi da su, ya karkace hagu. Na ɗauko magwaji na auna, na ce masa sifirin na dama ya fi na hagu tsawo da yatsa uku. Ya ce idona ne ya tsufa. Ya hau, ya tayar, ya riƙe kan babur sak, amma Gwanki ya zagaya darbejiya sau biyu don kansa, sannan ya shiga shanyar barkonon Sulle. Unguwa ta yi atishawa har la'asar.

Sulle, yana share hawaye, ya ce a canja sunan, wannan ba gwanki ba ne, jakin da ya sha giya ne. Bahauddeen ya ce babban abu sai da babban gwaji, ya yanko tsohuwar taya ya cusa a ƙarƙashin gajeren sifirin. Abin mamaki, ya daidaita. Ya kuma yi tsawo har sai mutum ya taka dutse kafin ya hau.

Saura wurin zama. Ya sayi kujerar ƙarfe wurin mai shayi, aka yi mata walda a kan ƙarfen ɗaukar kaya na baya, fuskarta tana kallon baya. Ya yi mana bayani cewa a nan ne hankali yake. Ido ba zai haɗu da ido ba, hannunta ba zai taɓa rigarsa ba, kowa ya riƙe mutuncinsa daga Jajaye har gida.

Rana ta shida aka yi gwaji. Ya sa aka ɗora buhu uku na masara, ɗaya a kujera, biyu a gefe, aka ɗaure. Sadiƙa ta leƙo daga zaure, ta tambayi na mene ne buhunan. Ya ce nauyin Iya ne. Ta buɗe baki ta ce, “Ai Iya ba ta…” Ya toshe kunnuwansa da yatsu biyu, ya ce a'uzubillahi, ba za a siffanta masa jikin surukarsa a bainar jama'a ba. Ta dube shi, ta dubi buhunan, ta koma ciki.

Dole in faɗi gaskiya. Da buhunan nan a kansa, ban taɓa ganin abin hawa ya bi ƙasa kamar Gwanki ba. Bahauddeen ya ɗora kofin ruwa a kan buhun sama, ya ratsa gonar da aka cire wa gyaɗa, ya tsallaka kwata, ya dawo, ruwan da ya zube bai cika cokali ba. Har Sulle sai da ya tafa masa. Bahauddeen ya sha ruwan a gabanmu, ya ce a gaya wa Nuruddeen yana ɗaukar almajiran kanikanci.

Ranar suna ya tafi bayan sallar asuba. Aka raɗa wa yarinya suna Zakiyya ba ya nan, aka raba goro, aka ci waina, amma ba wanda ya tashi. Abin da ya faru a hanya, daga baya na tattara shi, daga bakin matan gidan Iya da na Sanusi mai amalanken shanu.

Da ya isa ƙauyen, ya juya wa ƙofar gida baya, ya sunkuyar da kai. Mata suka fito da Iya Saude, suka ɗaga ta suka zaunar a kujera. Ƙullin kayanta, da yajin jego da ƙwarya, ya ɗaure su tam a gaba. Ita kam ba a ɗaure ta ba, don ba wanda ya san yadda ake ɗaure suruka. Ya lura cewa da ta zauna Gwanki ko motsi bai yi ba. Ya ce a ransa, wannan shi ne sifirin.

Ramin farko ya ɗaga ta taƙi ɗaya daga kujera. Na biyu ya ƙara. Iya Saude ta riƙe hannun kujera, ta rasa yadda za ta yi. Ba za ta kira sunan mijin 'yarta ba, ba za ta taɓa shi ba. Ta yi gyaran murya, inji ya cinye. Ta yi sallama, bai ji ba. Da ta fara salati da ƙarfi ya ji, ya ɗauka addu'a take yi masa, ya riƙa cewa amin, amin. Shi ma yana jin tsalle, amma ya ce hanyar ce ta fi ta jiya muni, kuma tunda bai ji ƙorafi daga baya ba, can lafiya ake. Masu cirar gyaɗa a gefen hanya suka riƙa ɗaga fartanya suna ihu suna nuna bayansa. Ya ɗaga musu hannu ɗaya, ya ƙara wuta.

A gangaren wani rafi ya tarar da amalanken Sanusi, an loda masa harawa har sama, shanu na jan sa a hankali. Ya zagaye shi, ya shiga gabansa, ya ba da mai don ya haye gaɓar. Tayoyin baya suka daki wani tudun da ruwa ya bari. Sanusi ya ce shi dai ya ga tsohuwa ta taso tana kallonsa, zaune a iska kamar yadda take zaune a kujera, ta wuce ƙahonin shanu, ta wuce kansa, ta sauka a tsakiyar harawa ta nutse har wuya. Ya kwaɗa wa mai babur kira. Mai babur ya ɗaga hannu.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata muka ji ƙarar Gwanki. Ya shigo unguwa yana hon, ya zagaya darbejiya, wannan karon da gangan, ya tsaya a gaban tabarmin manya. Duk muka ga kujera. Babu komai a kanta sai carbi da ya maƙale a hannunta yana lilo.

Bahauddeen ya sauko ta gefe don kada ya juya. Ya cire takalmi, ya zagayo kansa a sunkuye, ya durƙusa a gaban kujera, idonsa a kan yatsun ƙafarsa.

“Iya, sannu da hanya. An zo lafiya? Ya gajiya? Ya bayan kuma? Allah ya ƙara sauƙi.”

Ya ɗan saurara, sannan ya karkato da kai wajenmu, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce mun dai gani. Tun daga rafi ko uhm ba ta ce ba, yana jin barci ma ta samu.

Sulle ya ce, “Ƙara gaishe ta, ɗan'uwa. Tsofaffi ba sa ji da kyau.”

Ya ƙara, da ƙarfi, har da tambayar mutanen gida da yadda aka ji da ruwan bana. Wani ya cusa rawani a baki. Liman ya yi gyaran murya, ya ce, “Bahauddeen, ɗaga kanka.”

“Allah gafarta malam, ai ba a yi.”

A daidai nan Mas'uda ta fito tarar baƙuwa, hannunta a hanci, ta ɗauko guɗa. Guɗar ta mutu a tsakiya. Ta tambayi ina Iyar.

Sai ya ɗaga kai.

Na ga mutane da yawa sun firgita a rayuwata, amma ban taɓa ganin fuska ta zube haka ba. Ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ya leƙa ƙarƙashin babur. Daga cikin gida muka ji Sadiƙa ta fasa kuka, dariyar da ta fara tashi ta koma ciki. Ya yi tsalle ya haye Gwanki zai koma nema, ya ba shi wuta gaba ɗaya, ya nufi kwatar bakin unguwa, wadda jiya ya tsallaka da kofin ruwa. Yau babu buhu. Gwanki ya tashi, ya sauka a kan ƙafa ɗaya, waldar gaba ta ɓalle, sifirin ya yi gabas, taya ta yi yamma, Bahauddeen ya shiga kwata da babbar rigarsa ta suna.

Ana ciro shi wayar Sadiƙa ta yi ƙara. Sanusi ne. Ya ce tsohuwa na nan lafiya, ko ƙwarzane babu, ta ci gyaɗa ta sha ruwa. Ya ce ya yi mata tayin neman mota in sun fita titi, ta ce ita da duk abin da ke da inji har abada. Suna tafe da tafiyar shanu.

Da Bahauddeen ya ji haka, ransa ya dawo, bakinsa ya biyo baya. Yana tsaye ruwan kwata na ɗiga daga hannun rigarsa, ya ce sharaɗi dai shi ne ta iso kafin faɗuwar rana, kuma ba a ce a kan me ba. Rabin hanyar ma, mafi muni, shi ya kawo ta. Daga nan har yamma ya kasa zama. Ya dubi rana, ya dubi hanya. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, matan suna suka cika gida, maza suka dawo gindin darbejiya har da waɗanda ba a gayyata ba. Sulle ya riƙa sanar da shi saura gaba nawa rana ta taɓa rimin da ke yamma da unguwa.

Ta taɓa kan rimin ke nan shanu suka ɓullo. A saman harawa akwai wata 'yar tsohuwa zaune, ƙarama, siririya, wadda in aka sa ta a buhu ɗaya sai an nemi abin cikawa. Bahauddeen ya manta kansa, ya kalle ta sosai, karo na farko a duniya. Ya kama hannun Sulle ya ce wannan wace ce.

Sulle ya ce surukarsa ce. Mai cika ƙofar da ya gani ranar ɗaurin aure ƙanwarta ce, Lantana.

Iya Saude ta buɗe baki ta yi wa jama'a sallama, muka ji muryar nan ta waya, har shanun suka motsa kunne. Bahauddeen ya zube a ƙasa. Aka sauko da ita, ta kakkaɓe harawa daga mayafinta, ba ta dubi inda yake ba. Ta kira Mas'uda, ta yi magana da ita yadda kowa zai ji.

“Ki ce wa uban yaran nan na iso kafin rana ta faɗi. Magana ɗaya nake yi. Yarinya ba za ta je ko'ina ba.”

Bahauddeen, goshinsa na kusa da ƙasa, ya juyo da ido ɗaya wajen Sulle yana murmushi.

Ta ci gaba, ta ce ita ma ba za ta je ko'ina ba. Hanyar nan ta gan ta daga sama, ta gan ta daga ƙasa, ba za ta sake bin ta ba sai ranar da ta gyaru. A share mata ɗakin da ya fi samun iska. Mas'uda ta ce ai ɗakin maigida ne. Ta ce to, an ma huta da nema.

Bahauddeen ya yafito Mas'uda da hannu, ya raɗa mata ta tambaya, cikin ladabi, ko kamar kwana nawa Iya take gani.

“Ki ce masa ban zo da ƙirga ba.”

Kafin kiran magariba aka fito masa da tabarma da filo da buta zuwa zaure. Mutumin da ba ya iya kallon surukarsa ba ya iya cin abinci a tsakar gidan da take zaune, ba ya iya cire riga, ba ya iya ratsawa zuwa rumbu sai an ce ta shiga ɗaki. Ita kuwa tana son hantsi, tana son inuwar yamma.

Yau wata takwas. Zakiyya ta fara rarrafe, wata daminar ta sauka, hanyar bayan Jajaye ta ƙara lalacewa. Kullum da safe in na fito ina ganinsa tsaye a ƙofar gidansa, takalmi a hannu, yana sallama, yana jira a ba shi izinin shiga.